Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ruwan Lissafi da Roɗin Damisa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana cewa, ya ji an ce masana suna iya fitar da roɗi-roɗin jikin damisa da ratsin jakin dawa ta hanyar lissafi. Wai shin gaskiya ne, ko kuwa shaci-faɗi ne irin na 'yan boko? Ya ƙara da cewa an haifa masa ɗa da cindo, an kuma ce masa duk maganar ɗaya ce.

AMSA: To Malam, Allah ya raya yaro. Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tana son a bi ta sannu a hankali.

Wanda ya fara kawo wannan lissafi wani Bature ne ɗan Ingila, Alan Turing, wanda aka fi sani da aikin da ya share fagen ƙera kwamfuta. A shekarar 1952, yana Jami'ar Mancesta, ya buga wata maƙala a kan abin da ya ɗaure wa masana kai. Ɗan tayi yana farawa ne da tarin ƙwayoyin halitta masu kama da juna, to me ke sa nan ya yi baƙi, can ya yi fari, kuma a jere da tazara kamar an auna?

Bari in kwatanta maka da kasuwannin ƙauye. Idan kasuwa ta fara ci a wani gari, mai tumatir ya zo, mahauci ya biyo shi, masu saye su ƙaru, ƙaruwarsu ta jawo wasu 'yan tireda. Kasuwa ke nan tana ciyar da kanta. Amma labarinta ya fi rumfunanta nisa. Duk ƙauyen da ke kusa, in ya ce zai kafa tasa, ba za ta ci ba, domin mutanensa sun riga sun saba da waccan. Sai an yi 'yar tafiya, inda zuwa ta farkon ya zama wahala, sannan wata ta kafu. Ba wanda ya ɗauki igiya ya auna, amma ga kasuwanni nan a warwatse da tazara.

Haka lissafin yake. A ɗauka akwai sinadarai biyu a fatar ɗan tayi. Na farko yana ƙara kansa, yana kuma sa a yi baƙin launi, amma ba ya yaɗuwa da nisa. Na biyu, wanda na farkon ne ke haifar da shi, aikinsa hanawa, kuma ya fi saurin bazuwa. Inda na farko ya ɗan yi rinjaye sai ɗigo ya fito, kewayensa kuma mai hanawa ya tsare. Wasu Jamusawa biyu, Gierer da Meinhardt, su ne suka fayyace wannan siga ta mai zugawa da mai hanawa a 1972. Shi Turing ya rasu tun 1954, bai ga inda maganarsa ta kai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da wani masanin lissafi, James Murray, ya nuna a shekarun 1980. Ya ce girman fatar da siffarta, a lokacin da ake wannan ja-in-ja a cikin ciki, su ne ke yanke irin zanen. Fili in ya yi ƙanƙanta ainun, ba abin da zai fito, dabba ta zo da launi ɗaya. In yana da faɗi, ɗige-ɗige su samu wurin zama. In kuwa siriri ne kamar bakin wutsiya, ɗigo ba shi da wurin da zai tsaya gefe da gefe, sai ya zagaye ya zama zobe. Saboda haka lissafin ya ce za a sami dabba mai roɗi a jiki da ratsi a wutsiya, amma da wuya a ga mai ratsi a jiki da roɗi a bakin wutsiya. Ka duba hoton damisa, musamman siririyar nan mai tsananin gudu da ake kira cita, za ka ga ɗige-ɗigen suna haɗewa su zama zobba can wajen ƙarshen wutsiya.

An daɗe ana cewa ai wannan wasan takarda ne kawai. Sai a 1995 wani masani ɗan Japan, Shigeru Kondo, da abokin aikinsa suka lura da wani kifin teku mai ratsi. Yayin da kifin ke girma, ratsin ba ya buɗewa, sababbi ne ke kutsowa tsakanin tsofaffi, tazarar ta zauna yadda take, daidai yadda kwamfuta ta nuna tun kafin a gani. A 2021 kuma masana a Amurka suka gano a jikin 'yan tayin kyanwa cewa fata tana rabuwa wuri mai kauri da wuri marar kauri tun gashi bai tsiro ba, kuma nan ne ratsin zai biyo daga baya. Amma kada a ce kowane zane haka yake. Gaɓoɓin jikin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace, wanda aka yi wa bincike mai zurfi, ta wata hanya dabam suke jeruwa.

Ku mutanen Nijar ma kuna da irinsa a ƙasa. A tuddan da ke kewayen Yamai, in aka duba daga jirgin sama, itatuwa sun yi layi-layi da fako a tsakani. Itace yana taimakon na kusa da shi da inuwa da riƙe danshi, yana kuma shanye ruwan da zai kai ga na nesa, kuma da irin wannan lissafi ake bayaninsa.

Yanzu ga batun cindo. Hannun ɗan tayi yana farawa ne kamar ɗan faifai, ba yatsu. A cikinsa ake samun layin da zai zama ƙashi, da layin da zai zama rata, bi da bi, watau yatsu ma ratsi ne. A 2012 masana suka rage aikin wasu ƙwayoyin gado a jikin ɓeraye, sai yatsun suka riƙa sirancewa suna ƙaruwa, har suka wuce 10 a ƙafa ɗaya. Ƙasusuwan wasu halittu da aka tono a Girinlan, masu shekaru wajen miliyan 365, sun nuna yatsu 7 da 8. Ashe ɗan canji kaɗan a faɗin faifan ko a tazarar layukan ya isa ya ƙaro yatsa na 6.

Cindon da ke gefen ƙaramin yatsa ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, yakan bi jini, kuma galibi ba ya tare da wata cuta. Shawarata, Malam, kada a ɗaure shi da zare a gida. A kai yaron asibiti likita ya duba ko akwai ƙashi a ciki, shi zai faɗi yadda za a cire da lokacin da ya dace.