Ko Ka San Yadda Na'urar Hoton Ƙashi Ke Auna Karkatar Gwiwa?

Tun daga shekarar 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen ya gano a birnin Würzburg na ƙasar Jamus wani haske mai ratsa nama ya bar inuwar ƙashi, likitoci suka sami abin da magabatansu ba su samu ba, wato ganin ƙashin mai rai ba tare da an tsaga jikinsa ba. Sai dai na'urar nan, duk da hikimar da Allah ya hore aka zuba a cikinta, ba ta nuna guringuntsi, alhali kuwa shi ne amosanin gaɓɓai ke cinyewa a gwiwar dattijon da sujada ta fara gagararsa. Ratar da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kaɗai ake gani, gwargwadon ƙuncinta kuwa, gwargwadon abin da ya zaizaye.

Dalili ke nan da ya sa ake tsayar da majinyaci bisa ƙafafunsa, ƙoƙon gwiwa na fuskantar gaba, domin in a kwance yake nauyi ya sauka, rata ta buɗe, sai hoton ya ba da shaidar zur. Akan ɗauki hoton ƙafar baki ɗaya, sa'an nan a ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya, can cikin kwatangwalo, har tsakiyar idon sawu. In layin ya bi ta tsakiyar gwiwa, mizani ya daidaita. In ya kauce ciki, gwiwoyi sun nisanci juna ke nan, nauyi ya tare a sashen ciki, kamar mangalar da ta karkace ta yi ta cin gefe guda na bayan jaki. In kuwa waje ya kauce, shi ne gwame.

A 2001 Leena Sharma da abokan aikinta a Cikago ta Amurka suka bayyana cewa karkatar da layin ke kaucewa ciki tana ninka haɗarin ƙaruwar lalacewar sashen ciki kusan sau huɗu. A ganina wannan hujja ce babba a kan kada a wadatu da gajeren hoton gwiwa kaɗai yayin da ake shawarar tiyata, domin da dogon hoton ne likita ke lissafa digiri nawa zai gyara in zai yanka ƙashin ƙwauri ya mayar da nauyi sashen da guringuntsinsa ke da saura.