Uwargida, Rage Tunani Ki Buga Ƙwallonki

 Yau za mu taɓa zancen wani wasa da ake yi a filayen Kano da Kaduna da Jos da Abuja, watau golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

Ga wadda ba ta san shi ba, wasa ne na 'yar ƙaramar ƙwallo da sanduna, asalinsa kuwa daga ƙasar Sikotilan ne. Filin yana da ramuka 18, ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina sa ƙwallon cikin kowanne. Wadda ta gama da bugu mafi ƙaranci ita ce ta ci.

To, ga inda wahalar take. Ƙwallon nan a ajiye take, ba ta gudu, ba kuwa mai ƙwace miki ita. Saboda haka sai ki sami damar yin tunani har ya yi yawa. Malami ya ce ki miƙe hannun hagu, maigida ya ce kada ki ɗaga kai, ƙawa ta ce ki lanƙwasa gwiwa. Ki zo bugu da waɗannan duka a ka, sai jiki ya sandare, sanda ta haƙi ƙasa. Daga nan sai kunya, sai a jingine sandunan da aka kashe kuɗi aka saya.

Ki dubi mai daka. Takan wurga taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba ta kuskure turmi. Da za ki tsayar da ita ki ce ta lura da yadda kowane yatsa ke riƙo, nan da nan za ta rikice. Hannu ya riga ya iya, ba ya bukatar a yi ta yi masa gyara. Haka bugun golf yake, bai fi daƙiƙa biyu ba an gama. Ina lokacin lissafi a ciki?

Akwai wata mata 'yar ƙasar Suwidin, Annika Sorenstam. A shekarar 2001, a jihar Arizona ta Amurka, ta gama ramuka 18 da bugu 59, alhali ƙa'idar filin 72 ce. Kafin ita ba macen da ta taɓa yin haka a babbar gasar mata. Malamar da ta horar da ita, Pia Nilsson, tare da abokiyar aikinta Lynn Marriott, suna koyar da wata dabara mai sauƙi. Ki raba wurin tsayawarki biyu. A bayan ƙwallo shi ne wurin tunani. Nan za ki duba nisa da iska, ki zaɓi sanda, ki yanke shawara. Kusa da ƙwallo kuwa wurin bugu ne. Da zarar kin taka zuwa can, tunani ya ƙare. Ki dubi inda kike nufi, ki buga. In shakka ta zo miki, ki ja baya ki sake shiri.

In ma dole sai kin riƙe wani abu a zuciya, to ya zama ɗaya tak, kamar sassauta riƙon sanda. Taura biyu ba ta taunuwa. Kada kuma ki daɗe a tsaye. Dokokin wasan da aka sabunta a 2019 sun ba da shawarar a yi bugu cikin daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka.

Ba wai an ce a bar koyo ba ne, ai da koyo a kan iya. Mai dakan nan ma tun tana yarinya take yi. Amma gyaran hannu da ƙafa na wurin gwaji ne, tare da malami. Ranar wasa kuwa ki amince da abin da jikinki ya koya. In bugu ya ɓaci, kada ki ɗauke shi zuwa rami na gaba, wanda ke gabanki shi ne naki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne kuka fi kowa sa'a, domin yaro yakan kwaikwayi abin da ya gani ne ba tare da dogon nazari ba. In kun sami hali ku kalli gwanaye, ku gwada.

Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.