Shuttle da Soyuz: Wanne Ya Fi Cika Alkawari?

A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar sadarwa a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi sawun ɗan sama jannati John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya a Fabrairun 1962. A wancan zamani kumbo hawa ɗaya ake yi masa, idan ya dawo sai gidan tarihi. Daga baya Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba hanya. Amurka ta ƙera Space Shuttle, mai fikafikai, wanda zai je ya dawo ya sake komawa. Sobiyet ta riƙe Soyuz, ɗan ƙaramin kumbo mai kujera uku, da ake ƙera sabo a kowace tafiya.

Idan aiki ake magana, Shuttle ya yi wa Soyuz fintinkau. Columbia ya fara tashi ranar 12 ga Afrilun 1981 da John Young da Robert Crippen, sannan Challenger da Discovery da Atlantis da Endeavour suka biyo baya. Su biyar sun yi tafiya 135 kafin Atlantis ya rufe shirin a Yulin 2011. Shuttle kan ɗauki mutum bakwai da kaya sama da tan 20, ya tashi a tsaye kamar roka, ya sauka a kan tayoyi kamar jirgin sama. Discovery ne ya kai na'urar hangen nesa ta Hubble a 1990, da aka gano madubinta na da aibi kuma Endeavour ya kai masu gyara a 1993. Manyan sassan Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a cikinsa aka yi jigilar da yawansu. A cikin Discovery kuma Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya zama Musulmin farko da ya je sararin samaniya, a Yunin 1985. Soyuz ba zai iya ko rabin wannan ba. Nasa dai ya kai mutum, ya dawo da shi da lema a dajin Kazakistan.

Amma alkawarin da aka gina Shuttle a kansa araha ne, kuma nan gizo ya yi saƙa. An yi hasashen zai riƙa tashi kusan kowane mako, sai ga shi mafi yawan abin da ya yi a shekara ɗaya tafiya 9 ne, a 1985. Duk dawowa sai an bi dubban fale-falen da ke kare jikinsa daga zafi ɗaya bayan ɗaya, a ciro manyan injinansa uku a bincika, a tsamo rokokin gefe daga teku a kwance su a sake haɗawa. Da aka yi lissafi a ƙarshe, kowace tafiya ta ci kimanin dala biliyan ɗaya da rabi. Manomin Furfuri ko Bungudu ya san wannan lissafi: tarakta takan gama a wuni ɗaya abin da garmar shanu za ta yi mako tana yi, amma idan ta kwana a gareji tana jiran kayan gyara ruwa na sauka, mai shanu ne zai riga ta huɗa.

Batun rai ya fi na kuɗi nauyi. Ranar 28 ga Janairun 1986 Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, saboda sanyin safiyar ya sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar roka. Ranar 1 ga Fabrairun 2003 Columbia ya wargaje a hanyar dawowa, domin wani ɓallin soso ya huda fiffikensa na hagu tun wajen tashi. Rayuka 14 suka salwanta. Soyuz ma ya ci rai: Vladimir Komarov a 1967, da wasu uku a 1971. Sai dai tun daga nan bai sake ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan a bayyane yake. Yana da hanyar fizge ɗakin matuƙa daga jikin roka idan abu ya ɓaci. Ita ta ceci mutum biyu daga gobara a 1983, ta kuma ceci Nick Hague da Alexey Ovchinin a Oktoban 2018. Shuttle ba shi da irin wannan mafita a mintunan farko na tashi.

Bayan an ajiye Shuttle, daga 2011 zuwa 2020 'yan sama jannatin Amurka kujera suke saya a Soyuz, har sai da kamfanin SpaceX ya fito da Crew Dragon. Shi kuwa ya ɗebo daga ɓangarorin biyu: ƙarami ne mai hanyar tsira, kuma ana sake amfani da shi.

A ganina Shuttle ya fi ƙarfin aiki, Soyuz ya fi riƙon amana. Kuskuren Shuttle shi ne haɗa fasinja da kaya masu nauyi a abin hawa ɗaya, da zaton cewa duk abin da ake maimaita amfani da shi dole ya yi sauƙi. Nijeriya, da ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999 ta kuma mallaki tauraronta na farko a 2003, tana da abin koyi a nan. Kafin a sayi kowace na'ura a tambayi nawa gyaranta zai ci, wa zai yi gyaran, kuma ina mafitar mutumin da ke cikinta ranar da ta gaza.