Ko Kun Sani? Motar da Ke Rikiɗa Ta Zama Mutum

Ko kun san cewa mutum-mutumin wasan nan na Transformers asalinsa ɗan Japan ne? Kamfanin Takara ne ya fitar da kayan wasa na Diaclone a 1980, sai kamfanin Hasbro na Amurka ya karɓi lasisinsu, ya haɗa da na Micro Change, ya raɗa musu sabon suna a 1984. Jar babbar motar da ake kira Optimus Prime, a Japan sunanta Convoy.

A Tamale, irin wannan abin wasa yakan faɗo hannun yaro ne ta cikin kayan gwanjo, babu kwali, babu takardar bayani. Sai ya zauna ya yi ta jujjuya shi. Ya lalubi tsaga da farce, ya ja a hankali, sai ga bayan motar ya miƙe ya zama ƙafafu, gilashin gaba ya koma ƙirji, kai ya leƙo daga inda aka ɓoye shi. In gaɓa ta ƙi motsi, to akwai wata da ya kamata a fara buɗewa, domin maƙeran sun jera komai daki-daki, kowane yanki yana aiki biyu.

Wannan lalube ba baƙo ba ne ga yaran unguwannin Hausa Zongo da Aboabo. Tun da daɗewa suke ƙera mota da gwangwanin madara, su yanko tayoyi daga tsohon silifa, su sa waya ta zama sitiyari.