Aiki kyauta ne, amma wa zai biya kuɗin mota?

A cikin kowane jarirai 800 zuwa 1,000 da ake haifa, ana samun ɗaya da ke zuwa duniya da murɗaɗɗiyar ƙafa, tafinta ya juya ciki, diddigen ya ɗage sama. Wani kuma leɓensa ne a tsage, wani lokacin har ganɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai 240,000 ke rasuwa duk shekara kafin su cika kwana 28 saboda lalurorin da aka haife su da su, kuma tara cikin goma na masu lalura mai tsanani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Su dai waɗannan biyu, ƙafa da leɓe, suna cikin masu sauƙin gyara, kuma akwai ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar nauyinsu a Najeriya. Duk da haka, tun daga 2023 kaiwa ga gyaran ya ƙara wuya, kuma dalilin ba a ɗakin tiyata yake ba.

Mu fara da ƙafar. Hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita ita ce ta Ignacio Ponseti, ɗan asalin Sifaniya da ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka ƙafar jariri take: jijiyoyi da gaɓoɓin suna da taushi. Ma'aikaci zai lallaɓa ƙafar da hannu, ya matsar da ita kaɗan, ya ɗaure da filasta daga yatsu har cinya. Bayan mako guda a cire, a ƙara matsarwa, a sake ɗaurewa. Haka za a yi sau biyar zuwa takwas. Yawancin yaran sai an ɗan tsaga agara don diddige ya sauka, aikin 'yan mintuna. Daga nan sai takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe: wata uku yaro na sanye da su kusan dare da rana, sannan a riƙa sa masa lokacin barci har ya kai shekara huɗu ko biyar. Ƙafa na girma, don haka dole a riƙa komawa ana sauya takalman.

To, a lissafa zuwa nawa ke nan. Ƙungiya irin MiracleFeet na iya taimaka wa asibiti da horo da takalma, amma uwar da ke ƙauye mai nisa da asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, ita za ta nemo kuɗin mota kowane mako, sau da yawa na mutum biyu, tunda ba za ta tafi ita kaɗai ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, ana sayar da lita ƙasa da naira 200. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dalar Amurka da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ita ma ta wuce 1,500 a lokacin, filasta da maganin sa barci da zaren ɗinki kuwa akasari daga waje ake shigo da su. Magidancin da ke neman na cefane zai ce a bari sai an yi girbi. Ba mugunta ba ce. Amma idan aka tsallake makonni, ko aka jingine takalman da suka matse, ƙafar takan koma yadda take, sai a kai yaro wurin maɗori, alhali ba karaya ba ce.

Na leɓe kuma da yunwa yake karo. Jaririn da ganɗarsa ke a buɗe ba ya iya tsotso da ƙarfi, nono kan fito masa ta hanci, ya gaji kafin ya ƙoshi. Likitoci kuwa ba sa sa jariri barci sai ya yi ƙwari. Tsohuwar ƙa'idarsu ita ce ya kai mako 10, nauyinsa ya kai wajen kilo huɗu da rabi, jininsa kuma ya wadata. Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana biyan likitocin gida su yi wannan aiki ba tare da iyaye sun ba da ko kwabo ba. Sai dai idan aka ɗora yaro a sikeli bai kai ba, dole a ce wa uwar ta koma ta ciyar da shi, ita da ba ta ƙoshi ba balle nononta ya kawo. A Katsina kaɗai, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon 2025. Yaron da ba ya iya tsotso, ina matsayinsa a wannan layi?

Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan wahala. Asibitin yara na CURE da ke Yamai, wanda aka buɗe a 2010, irin waɗannan ayyuka yake yi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, kayan asibitocin ƙasar suka maƙale a hanyar Kwatano, takunkumin kuwa sai a Fabrairun 2024 aka ɗage shi.

A ganina, masu bayar da agaji sun fi son ƙirga tiyata, domin ita ce ke da hoton kafin da bayan aiki. Kuɗin mota ba shi da hoto. Wasu ƙungiyoyin sun fara gane haka, suna haɗawa da tallafin abinci da na sufuri, amma abin bai kai ko'ina ba. Gwamnatocin jihohi ma na da abin yi wanda bai kai gina sabon asibiti tsada ba. Ɗaurin Ponseti ba sai babban likitan ƙashi ba. Ma'aikacin gashin ƙashi ko jami'in lafiya da aka horar zai iya, a babban asibitin ƙaramar hukuma, rana ɗaya a mako, a daidaita ta da ranar kasuwa lokacin da motoci ke shigowa daga ƙauyuka. Ungozoma kuma a koya mata ta duba ƙafa da cikin baki ranar haihuwa, ta san asibitin da za ta tura iyaye tun kafin suna.