Daren Wankin Ciki: Yadda Ake Shirya wa Leƙen Babban Hanji

Da wuya a rasa mai maganin basir a tashar mota a Kano ko Kaduna, lasifika a kan mota, yana jero alamomi: jini a bayan gida, taurin ciki, kasala, rama. Jama'a na saye, don basir ya yi yawa, kuma sau da dama shi ɗin ne. Sai dai alamomin nan su ne kuma na ciwon dajin babban hanji, kuma ba a bambance su da ka. Sai an leƙa.

Wannan leƙen shi likitoci ke kira kwalanoskofi. Na'urar wata siririyar tiyo ce mai lanƙwasuwa, kaurinta kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinta. Ana shigar da ita ta dubura, likita ya bi babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kusan mita ɗaya da rabi, yana kallon cikinsa a allo. Abin da ya fi nema shi ne wasu ƙananan tsiro da ke fitowa a bangon hanji. Yawancinsu ba su da illa, amma wasu kan rikiɗe su zama daji a hankali, cikin shekara goma ko fiye, ba tare da mai su ya ji komai ba. A 1969 wasu likitoci biyu a Amurka, William Wolff da Hiromi Shinya, suka fito da dabarar zarge tsiron da siririyar waya a cire shi nan take, ba tare da an tsaga ciki ba. Tun daga lokacin gwajin ya zama bincike da rigakafi a zama ɗaya.

Ciwon dajin babban hanji ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an samu sababbin masu shi fiye da miliyan 1.9, ya kuma kashe fiye da mutum 900,000. A watan Agustan shekarar ne ya yi ajalin Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, yana da shekara 43. A 2021 kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Waɗanda suka yi gwajin kan ce wahalarsa ba a gadon asibiti take ba, a gida take, daren jajibiri. Dalilin a fili yake: kyamara ba ta gani ta cikin ƙazanta. Tsiron da bai kai ƙwayar wake ba zai iya ɓuya a bayan ɗan guntun abinci, likita ya wuce shi. Idan hanjin bai wanku ba, ko dai a samu sakamakon da ba a amince da shi ba, ko a ce mutum ya koma gida ya sake shiri, ga asarar kuɗi ga ta lokaci.

Shirin kan fara ne kwana biyu ko uku kafin ranar. Ana ajiye duk abinci mai dusa ko 'ya'ya: wake, gyaɗa, riɗi, kwaɗon zogale, dambu, fura, gwaba, kankana. A koma farar shinkafa, farin burodi, ƙwai, kifi da kaza. Ranar jajibiri kuwa, akasarin asibitoci kan ce a bar abinci mai tauri, a tsaya kan ruwan da ake hango gindin kofi ta cikinsa: ruwa zalla, shayi ba madara, tataccen romo. Nan mutane ke yawan kuskure. Kunu da koko abin sha ne, amma ba sa cikin lissafi. Zoɓo ma haka, domin jan launinsa kan zauna a hanji ya yi kama da jini.

Da yamma sai maganin wankin ciki. Wanda aka fi bayarwa gari ne da ake damawa a ruwa lita biyu zuwa huɗu, mai ɗanɗanon gishiri-gishiri. Kofi na farko kan wuce lafiya. Daga na huɗu ne fuska ke yamutsewa, mutum ya zauna yana kallon jarka kamar ba ta raguwa. Sanyaya shi a firji na taimakawa, haka sha da tsinken shan lemo, kofi ɗaya duk bayan minti goma zuwa sha biyar. Cikin awa ɗaya ko biyu ciki zai fara ƙugi, daga nan sai zaryar banɗaki. Mai hikima kan tanadi buta cike da ruwa, da man shafawa saboda raɗaɗi, ya kuma shaida wa mutanen gida cewa banɗakin nan nasa ne yau. Likitoci da yawa yanzu sun fi son a raba maganin biyu, rabi da dare, rabi da asuba, saboda hanji ya fi wankuwa haka. Alamar an gama ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garau, ruwan ɗorawa-ɗorawa kamar fitsari.

Akwai maganar da dole a yi da likita tun da wuri. Mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, kowanne da nasa tsarin, kuma kada ya dakatar da magani da kansa. Ƙwayoyin ƙarin jini kan sa bayan gida baƙi, shi ya sa ake barin su kamar mako ɗaya kafin gwaji.

A asibiti abin ba ya daɗewa. Ana kwantar da mutum ta gefen hagu, gwiwoyi a naɗe, an lulluɓe shi, a sa masa allurar da ke kashe jiki da rage zafi. Ana hura iska don hanjin ya buɗe, abin da kan jawo ɗan murɗa. Minti talatin zuwa arba'in da biyar an gama, wasu ma ba sa tuna komai. Kunya gaskiya ce, kuma ba laifi ba ne mace ta nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ita, ko ta tambaya ko akwai likita mace. Abin da ke da ciwo shi ne kunyar ta sa a zauna a gida ana shan jiƙe-jiƙe, har a iso asibiti bayan ciwon ya yaɗu, kamar yadda ake yawan gani a Najeriya.

Bayan an tashi, ciki kan kumbura har sai iskar ta fita. Ba a tuƙi ranar, don haka ake zuwa da ɗan rakiya. Hujewar hanji ko zubar jini mai yawa na iya faruwa, amma da wuya. Wanda ya ji ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ya koma asibiti nan da nan.

Ana yin gwajin a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mai ganin jini, ko canjin bayan gida da ya ɗauki makonni, ko wanda wani na jininsa ya taɓa yin ciwon, ba sai ya jira shekara 45 ba. Idan an cire tsiro, ana aika shi ɗakin gwaje-gwaje, sakamakon ne zai nuna yaushe za a dawo. Wanda aka samu hanjinsa garau, galibi sai bayan shekara goma zai sake haɗuwa da jarkar nan.