Daga na Ɗaya Zuwa na Talatin

Mai karatu, in ka yi makarantar kwana a Zariya, ka san ranar kuros-kantiri. Malamin wasanni zai tara ɗalibai, kowa da rigar gidansa, a hura usur a sake su cikin gonaki da kwazazzabai. Ka kuma san yaron nan da ba makarantar da ta rasa irinsa: da jin usur sai ya fice kamar kibiya, ana ihu ana kiran sunansa, bayan rabin sa'a a wuce shi a gindin mangwaro yana dafe da ciki. Dogon gudu tsohon abu ne a makarantun garin nan, don Yakubu Gowon ma, yaron Wusasa, an san shi da shi tun yana ɗalibi a Barewa. Labarin wani mai irin wannan zafin farawa zan ba ka yau, sai dai shi ba a gindin mangwaro abin ya same shi ba. A gaban shugaban ƙasarsa ne, duniya tana kallo.

Ranar 26 ga Maris, 2017, Yuganda ta karɓi baƙuncin gasar kuros-kantiri ta duniya a filin Kololo da ke Kampala, inda aka yi bikin samun 'yancin ƙasar a 1962. Shugaba Yoweri Museveni yana wurin. Tun kafin manya su fito, wani yaro ɗan shekara 16, Jacob Kiplimo, ya lashe tseren matasa, ya ba Yuganda zinariyarta ta farko a tarihin gasar. Fili ya kaure. Sai matan Kenya suka zo suka share na ɗaya har zuwa na shida, ba su bar wa kowa ko ɓurɓushi ba. Saura tseren manyan maza, kilomita 10, zagaye biyar. Ka ƙiyasta kamar ka taso daga Samaru ka nufi Sabon Gari ta Kwangila, amma a guje, a kan ciyawa, cikin zafi mai sa gumi.

Idon 'yan ƙasa duk yana kan Joshua Cheptegei, ɗan shekara 20 daga tsaunukan Kapchorwa. Ba baƙo ba ne a fagen, don ya ci zinariyar matasa ta duniya a mita 10,000 tun 2014. Amma a gefensa akwai Geoffrey Kamworor na Kenya, mai riƙe da kambin, mutumin da ya san yadda ake tattalin numfashi kamar yadda uwargida ke tattalin hatsi a bazara.

Yanzu ka sa kanka a matsayin yaron nan. Dubban mutane suna kiran sunanka, ƙaninka a sana'a ya riga ya ci zinariya ɗazu, ƙafafunka kuma suna gaya maka ba abin da zai gagare su. Za ka lafe a bayan Kamworor ka jira zagayen ƙarshe, ko za ka amsa kiran jama'a?

Cheptegei ya amsa. Tun da sauran tafiya ya ɓalle, ya yi ta ƙara wuta, har aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe yana gaba da fiye da daƙiƙa 10. A irin wannan tsere, wannan tazara ce da ba kasafai ake rufe ta ba. Mutane sun fara rawa, wasu suna bin gefen igiya da tuta. Ashe an yi guɗa tun amarya ba ta iso ba.

Saura ƙasa da kilomita ɗaya, sai jiki ya ce ya gaji da biyan bashi. Taku ya gajarta, kafaɗu suka koma baya, ƙirji ya turo gaba, ƙafafu suka daina jin umarni. Kamworor ya zo ya wuce. Leonard Barsoton na Kenya ya wuce. Abadi Hadis na Habasha ya wuce. Daga nan kuma sai aka yi ta wuce shi kamar an buɗe ƙofar garke, shi kuwa yana tangaɗi kamar ɗan tatata. Filin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya koma salati da riƙe baki.

A nan ne tambayar ta fi nauyi, mai karatu. Zinariya ta tafi, kunya ta riga ta tabbata, kyamarori suna kanka. Ga ciyawa nan a gefe, ka zube kawai a ɗauke ka a ce rashin lafiya ce, ba wanda zai zarge ka. Da kai ne, me za ka yi?

Bai zube ba. Ya ja jiki a haka, taku bayan taku, har ya tsallake layi a matsayi na 30. Ga kuma abin da masu dariya suka manta: a wannan gasa ana haɗa matsayin mutum huɗu na farko daga kowace ƙasa a fitar da makin ƙungiya, kuma Cheptegei ne na huɗun Yuganda. Da wannan na 30 ɗin aka yi lissafin da ya ba ƙasar tagulla, bayan Habasha da Kenya. Ni dai a wurina, waɗannan mitocin da ya yi yana layi sun fi duk gudun da ya yi a gaba wuya.

Jama'a kuwa ba su tsaya lissafi ba. Bidiyon tangaɗin ya bazu a wayoyi, aka yi ta barkwanci da shi. Ka san halin mutane, bakin da ya yi maka kirari da azahar shi zai yi maka habaici da la'asar.

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan nan, a Landan, ya bi Mo Farah har bakin layi ya karɓi azurfar duniya a mita 10,000. A 2018 ya kwashi zinariya biyu a wasannin ƙasashe renon Ingila a Ostareliya. Amma bashin kuros-kantiri yana nan, kuma ba a biyansa a kan shimfiɗaɗɗen fili.

Ranar 30 ga Maris, 2019, aka sake haɗuwa a Aarhus ta ƙasar Denmak, kan hanyar da masu shirya ta suka tsara kamar da gayya: taɓo, ruwa, yashi, sannan a kowane zagaye sai an haura rufin gidan tarihi na Moesgaard, rufi mai gangara da aka shuka wa ciyawa. Ka taɓa jin an yi tsere a kan soro? Mutum uku suka ware: Cheptegei, Kiplimo da Kamworor, wanda ke neman kambi na uku a jere. Wannan karon Cheptegei bai yi gaggawa ba. Ya jira har hawan ya cinye ƙarfin sauran, sannan ya tafi. Shi ne na ɗaya, Kiplimo na biyu, Kamworor na uku, Yuganda kuma ta ɗauki zinariyar ƙungiya.

A watan Agusta na 2020, a Monako, ya yi mita 5,000 cikin minti 12 da daƙiƙa 35.36, ya karya bajintar da Kenenisa Bekele ya kafa tun 2004. Yana tsallake layi, kafin ya ɗaga hannu ko ya nemi tuta, sai aka ga ya kai yatsa ya danna agogon hannunsa, ya tsayar da shi.